A kai Baba Duwala a yi masa aikin furostat da leza, ko a yi masa a nan Garwa?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifinmu yana da shekara 69, muna zaune a Garwa. Ya fi shekara biyu yana fama da fitsari, yana tashi sau biyar ko shida da dare, fitsarin kuma ba ƙarfi. Sau biyu yana toshe masa gaba ɗaya, yanzu wata biyu ke nan yana ɗauke da robar fitsari. Hoton eko, wato na na'urar duba cikin jiki, ya nuna furostat ɗinsa ya kai giram 95. Likita ya ce sai aiki, kuma za a tsaga mara. Wani ɗan'uwanmu ya ce mu dakata, wai akwai leza a Duwala ko Tunisiya, haske ne kawai ake haskawa ya narkar da abin, ba yanka ba jini. Mun fara haɗa kuɗi, amma zai ɗauke mu watanni. Gaskiya ne batun lezar nan? Mu jira?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya yi muku albarka da kuke tsaye a kansa.

Leza ba ƙarya ba ce. Ana aikin furostat da ita, kuma ga mai furostat irin girman na Baba akwai nau'inta guda da yake cikin mafi kyawun abin da likitanci ya mallaka a yau. Amma ba yadda aka ba ku labari abin yake ba. Ba haske ba ne da ake haska wa mutum daga waje ya tashi ya kama gabansa. Tiyata ce sosai. Ana kashe rabin jiki da allura a gadon baya ko a sa mutum barci, a zura ƙarfe mai kyamara ta hanyar fitsari, a yanko nama a fitar. Abin da babu kawai shi ne tsaga fatar mara. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarka ba lezar ba ce, watannin nan ne da kuke shirin ƙara wa dattijo yana ɗauke da roba.

Furostat wani ƙullutun nama ne da kowane namiji yake da shi. Yana zaune daidai ƙarƙashin mafitsara, ya zagaye bututun da fitsari ke bi ya fita, aikinsa kuma samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. A jikin saurayi nauyinsa giram 20 zuwa 25 ne. Daga shekara 40 zuwa sama sai naman tsakiyarsa, wanda ke manne da bututun, ya fara ƙaruwa sannu a hankali saboda aikin sinadarin maza a kansa tsawon shekaru. Ba yawan aure ke kawo shi ba, ba ƙarancinsa ba, ba kuma jifa ba ne. Kusan rabin mazan da suka kai 60 suna da shi, a cikin masu shekara 80 kuwa 8 cikin 10 ne ko fiye. Kumburin nan ba ciwon daji ba ne, ba ya kuma rikiɗewa ya zama daji, ko da yake mutum ɗaya yana iya haɗa biyun.

Mutane sukan zuba ido ga girman furostat, alhali wadda ke shan wuyar ita ce mafitsara. Ita tsoka ce. Idan hanya ta matse, sai ta ƙara ƙarfin matsi don ta fitar da fitsari, ta yi kauri, ta zama mai saurin harzuƙa. Daga nan ne tashin dare yake fitowa, da matsuwar da ba ta ba mutum damar isa bayi. In aka daɗe a haka sai ta gaji, ta daina juye abin da ke cikinta duka. Fitsarin da ke kwana a ciki shi ke haifar da tsakuwa da ƙwayoyin cuta, wani lokaci kuma matsin ya koma sama ya kumbura ƙoda ba tare da wani ciwo da zai ankarar da mutum ba. Furostat ana cire shi a cikin awa ɗaya ko biyu. Mafitsarar da ta mutu da ƙodar da ta lalace kuwa, babu lezar da ke dawo da su. Dattijon da ya fara fitsarin kwance da dare bayan shekarun wahalar fitsari, a duba ƙodarsa a ranar, kada a ce tsufa ne.

Kafin maganar irin aikin da za a yi, ya kamata a tabbatar furostat ɗin ne kaɗai ya tare hanya, domin a yankinmu akwai masu shigar burtu da kamanninsa. Akwai tsukewar bututun fitsari, wadda kan biyo bayan ciwon sanyi da aka yi tun ƙuruciya ba a warkar da shi da kyau ba, ko rauni, ko robar da aka tura da ƙarfi. Akwai tsargiya, wadda ta yi katutu a garuruwan bakin Binuwai da tafkin Lagdo, da gonakin shinkafar Yagwa da Maga, har zuwa gaɓar Logon ta ɓangaren Cadi. Wanda ya yi fitsarin jini yana yaro ya manta, tabon yana iya zama a mafitsara shekara da shekaru, ya taurara ta, har ya zama silar daji a cikinta. Akwai tsakuwar mafitsara, wadda zafin ƙasarmu da ƙarancin shan ruwa ke taimaka wa. Ga kuma ciwon suga, wanda ke sa yawan fitsari, yana kuma kashe jijiyoyin mafitsara. Don haka ku tabbatar an yi wa Baba gwajin ƙoda na jini, wato kiriyatinin, da gwajin fitsari irin wanda ake shuka ƙwayar cuta a ga maganin da ke kashe ta, da awon yawan jini, da na suga. Wanda ya ɗauki hoton eko kuma ya faɗi halin da ƙodoji biyu suke ciki, da ko akwai tsakuwa, kada ya tsaya ga giram 95 kawai.

Sai batun daji, wanda bai kamata a tsallake shi ba, domin baƙar fata ya fi sauran jinsi haɗarin kamuwa da dajin furostat. Ana neman sa ta hanya biyu: likita ya sa yatsa ta dubura ya ji laushi ko taurin furostat ɗin, sannan gwajin jini mai suna PSA. Dattawa da yawa suna ƙin gwajin yatsan saboda kunya. Ku lallashi Baba, bai kai minti ɗaya ba, kuma abin da yatsa ke ji wani lokaci na'ura ba ta gani. Idan PSA ya ɗan hau, kada hankalinku ya tashi nan take. Babban furostat da kansa yana ɗaga shi, haka toshewar fitsari, haka ƙwayar cuta, haka robar da ke jikinsa. Likita ne zai haɗa wannan da wancan ya ga ko sai an tsakuro nama an duba kafin aiki.

Ba ka ambaci magani ba, amma na san za a tambaya. Akwai masu sassauta tsokar wuyan mafitsara, irin su tamsulosin da alfuzosin, suna fara aiki cikin kwanaki. Sukan sa jiri idan mutum ya miƙe da sauri, don haka mai shan su ya ɗan zauna a bakin gado kafin ya tashi sallar asuba. Wanda za a yi wa aikin yanar ido kuma lallai ya gaya wa likitan ido yana shan tamsulosin, domin yana wahalar da aikin. Akwai finasteride da dutasteride, masu rage girman furostat da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar, amma sai an yi wata shida zuwa shekara ana sha, suna kuma rage PSA da rabi. Har ma akwai Tadenan, wanda ake haɗawa da ɓawon wani itace da ake sassaƙowa a tsaunukan ƙasarmu Kamaru, a Oku da Dutsen Kamaru, a kai Turai a sarrafa. Yana iya ɗan sauƙaƙa wa mai ƙaramar damuwa, amma ba ya raba mutum da roba. Wanda fitsari ya toshe wa karo na farko, akan ba shi tamsulosin ko alfuzosin na 'yan kwanaki a cire robar a gwada, kuma kusan 6 cikin 10 sukan yi fitsari da kansu. Wanda ya toshe wa sau biyu, ya wuce nan. Likitan da ya ce a yi wa Baba aiki ya faɗi daidai. Toshewa fiye da sau ɗaya, yawan kamuwa da ƙwayar cuta, tsakuwa, fitsarin jini mai dawowa, taɓuwar ƙoda: ko ɗaya daga cikinsu ya isa dalilin tiyata.

To, ga inda gizo ke saƙar. Idan aka ce maka leza, ka tambaya wace iri, domin aiki biyu ne mabambanta ake kira da suna ɗaya.

Ka ɗauki furostat kamar lemun zaƙi da aka huda ta tsakiya, bututun fitsari ya ratsa. Tsokar lemun ita ce naman da ya ƙaru, ɓawon kuma shi ne asalin furostat ɗin da aka tura gefe. Nau'i na farko shi ne ɓanɓarewa. Likita zai bi ta ciki ya nemo iyakar da ke tsakanin tsoka da ɓawo, ya bi ta da siririn zaren leza yana rabawa yana toshe jijiyoyin jini, har tsokar ta saki gaba ɗaya ta faɗa cikin mafitsara. Daga nan sai a sa wata na'ura ta daddatsa ta ta zuƙe ta waje. Ɓawon yana nan inda yake. Wannan shi ake rubutawa HoLEP idan da lezar holmiyom aka yi, akwai kuma 'yar'uwarta ta tuliyom. Likitoci biyu ne, Peter Gilling da Mark Fraundorfer, suka tsara shi a garin Tauranga na ƙasar Niyuzilan a ƙarshen shekarun 1990. Ruwa ne ke shanye ƙarfin lezar holmiyom, don haka zafinta ba ya shiga nama fiye da rabin milimita, shi ya sa take yanka ba tare da ta ƙone abin da ke kewaye ba. Falalar wannan aikin ita ce bai damu da girma ba, ana yin sa ga mai giram 40, ana yin sa ga mai 150 ko 200. Jinin da ake zubarwa kaɗan ne, ba kasafai ake buƙatar ƙarin jini ba. Yawanci washegari ko bayan kwana biyu ake cire roba a sallami mutum. Kuma tun da an kwashe naman duka, da wuya ƙwarai a sake komawa aiki saboda ya sake tsirowa.

Nau'i na biyu ƙonewa ne. Wanda aka fi sani shi ne GreenLight, leza mai koren haske wadda jan jinin da ke cikin nama ke shanyewa, sai naman ya tafasa ya zama tururi. Ana bi ana share hanya daga ciki har ta buɗe. Ta fito da ƙarfin wat 80, aka kai ta 120, yanzu ta 180 ake amfani da ita. Wani babban bincike mai suna GOLIATH, wanda aka yi kan mutum kusan 280 a ƙasashen Turai 9 aka fara wallafa sakamakonsa a 2014, ya nuna ba ta gaza aikin kankara na gargajiya ba wajen gyara fitsari, ga saurin cire roba da saurin sallama. Inda ta fi amfani shi ne ga mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa samun shanyewar jiki, wanda ke shan maganin tsinka jini kuma dakatar da shi haɗari ne. Amma tana da rauni biyu da suka shafi Baba kai tsaye. Na ɗaya, idan furostat ya yi girma, da wuya a ƙone shi duka, saura kuma yakan ci gaba da girma, sai a wayi gari bayan wasu shekaru ana neman aiki na biyu. Na biyu, abin da ya zama tururi ba a kai shi ɗakin gwaji. A aikin ɓanɓarewa da na kankara da na tsaga mara, naman da aka ciro ana duba shi, wani lokaci a tarar da dajin da ba a yi zato ba tun yana ƙarami. A aikin ƙonewa wannan damar ta tafi.

Aikin kankara da na ambata shi ne wanda za ka gani a takarda an rubuta TURP ko RTUP. Shi ma ta hanyar fitsari ake shiga, ba a tsaga ko'ina, ana amfani da zaren lantarki a kankare naman sala-sala. Shekaru da yawa shi ne ma'aunin da ake gwada kowane sabon aiki da shi, har gobe kuma aiki ne mai kyau. Sai dai ƙa'idar ƙungiyar likitocin mafitsara ta Turai ta ajiye shi ga furostat mai giram 30 zuwa 80. Sama da haka aikin yakan yi tsawo, jini ya zuba, a kuma bar saura. Ga wanda ya haura 80 abu biyu ƙa'idar ta fi gabatarwa: ɓanɓarewa ta ciki, ko tsaga mara. Ka ga ashe likitanku bai kauce hanya ba.

Ina so ka fahimci wannan da kyau, don shi zai kwantar muku da hankali. Abin da leza ke yi a HoLEP, shi ne dai abin da yatsan likita ke yi a aikin tsaga mara. Iyakar nan ɗaya ake bi, naman nan ɗaya ake cirewa. An yi gwaji an kwatanta su a kan masu manyan furostat, bayan shekaru aka tarar ƙarfin fitsari da sauƙin da aka samu duk ɗaya ne. Bambancin yana cikin makonnin farko. Wanda aka tsaga wa mara zai yi kusan mako guda a asibiti ko fiye, robar za ta daɗe kwanaki biyar zuwa goma, akwai ciwon rauni, akwai yiwuwar raunin ya yi ruwa, kuma kusan mutum 1 cikin 10 yakan buƙaci ƙarin jini. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne ga ɗan shekara 69, ba zan rage musu nauyi ba. Amma aiki ne da ya haura shekara 100 ana yin sa, likitocin tiyata a ƙasashenmu sun saba da shi ƙwarai domin manyan furostat ne suka fi zuwa hannunsu, in kuma akwai tsakuwa a mafitsara a nan take ake ɗauke ta. Raina yakan ɓaci idan na ji ana kiran sa aikin talakawa ko aikin da, har iyali su ji kamar sun ci amanar mahaifinsu in suka yarda da shi. Dattawa nawa ne ke zuwa masallaci da kasuwa yau lafiya lau da tabon nan a mararsu.

Na'urar leza kuma ba ita ke aikin ba, hannu ne. HoLEP yana cikin ayyukan da suka fi wuyar koyo a fanninmu, akan ƙiyasta sai likita ya yi 30 zuwa 50 kafin hannunsa ya faɗa. A hannun sabon shiga aikin yana tsawo, ana iya huda ɓawon furostat ko raunata mafitsara, an fi kuma samun yoyon fitsari bayansa. Asibiti yana iya sayen na'ura a bana ya buga talla, wannan bai nuna akwai gwani ba. Har ma akwai masu ɓanɓarewar nan da na'urar lantarki ba leza ba, sakamakon kuma ya yi kyau, abin da ke nuna maka cewa sirrin yana ga cire naman duka, ba ga irin wutar da aka yi amfani da ita ba. Saboda haka kafin ku biya ko dala, ku aika da takardun Baba, ku yi magana da likitan da zai yi aikin da kansa, ba ɗan tsakiya ba. Ku tambaye shi: ɓanɓarewa zai yi ko ƙonewa? Nawa yake yi a wata? Ya saba da masu giram 90 zuwa 100? Za a kai naman gwaji? In jini ya ɓalle bayan mun koma gida, wa za mu nema? Likitan kirki ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ce muku ba yanka, ba jini, ba wata matsala ko kaɗan, ku riƙe kuɗinku.

Akwai maganar da ɗa ba ya iya yi da mahaifinsa, kuma dole a yi ta. Bayan kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan, da leza ko ba leza, yawancin maza, kusan 7 cikin 10 ko fiye, maniyyinsu ba ya fitowa waje lokacin saduwa. Yana komawa cikin mafitsara ne ya fita tare da fitsari, domin wuyan mafitsarar da ke rufewa a lokacin an buɗe shi. Ba ya cutar da lafiya, jin daɗi yana nan, ƙarfin gaba kuma ga akasarin mutane yadda yake kafin aiki haka yake zama. Amma haihuwa takan yi wuya, kuma abin ba ya komawa yadda yake. A wurinmu dattijo mai shekara 69 yana iya kasancewa da amarya, yana iya kasancewa da burin ƙarin zuri'a, ko da bai faɗa wa kowa ba. Na sha ganin 'ya'ya sun yanke shawara a tsakaninsu, sun sa hannu a takarda, shi mai jikin bai ji wannan bayanin ba sai bayan ya koma ɗakinsa, ya zaci an lalata shi. Wannan zalunci ne ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi. Ku bar Baba da likita su kaɗai a ɗaki, ku fita, in akwai buƙatar tafinta a samo wanda ba ɗansa ba ne.

Abu na biyu da zai dame shi shi ne tsarki. Bayan ɓanɓarewa, musamman ga mai babban furostat, akan sami ɗigar fitsari idan an yi tari ko an miƙe ko an sunkuya. Ga mafi yawa yana ɗaukewa cikin makonni zuwa wata uku, wasu har shida. Waɗanda yake zame wa na dindindin kaɗan ne, 1 ko 2 cikin 100. Abin da ke gaggauta sauƙi shi ne motsa tsokar da mutum ke matsewa idan yana riƙe tusa: ya matse ya ƙirga biyar ya saki, sau goma, safe da rana da dare, ya fara tun kafin aiki. Malaman fiƙihu sun yi bayanin hukuncin mai yoyon fitsari, akwai sauƙi a cikinsa, ya tambayi malaminsa kada ya ƙaurace wa jam'i don wannan. Ku kuma sanar da shi cewa tashin dare ba ya ɗaukewa rana ɗaya. Ƙarfin fitsari yana dawowa nan da nan, amma mafitsarar da ta yi shekaru tana harzuƙa sai ta ɗauki watanni kafin ta natsu. Shayi mai kauri da kofi da goro da yamma suna ƙara mata.

Ga yadda nake ganin lamarinku. Idan gwaji ya nuna ƙoda ta fara taɓuwa, ko Baba yana yawan zazzaɓi daga robar, ko akwai tsakuwa, ko kuɗin ba zai haɗu ba sai bayan watanni ko sai an sayar da gona ko an karya jari, to a shirya shi a yi masa aikin a nan, wurin likitan da ya saba. In ƙodar ce ta taɓu, za a bar robar tukuna har ta farfaɗo, sannan a yi aiki, kuma likita ne zai sa ranar, ba aljihu ba. Idan kuwa yana da ciwon zuciya, ko yana shan maganin tsinka jini, ko jininsa ya yi ƙasa, ko jikinsa ba zai ɗauki doguwar jinya ba, kuma kun sami tabbacin ƙwararren mai ɓanɓarewa, kuna iya biya cikin makonni kaɗan, to tafiyar ta cancanta, zan ma ƙarfafa muku gwiwa. In abin da ake tayi ƙonewa ne ga giram 95, kuma ba shi da matsalar jini, ni ba zan ɗauki dattijo in yi wannan nisa da shi ba. Ku kuma lissafa tafiyar da gaske: mota daga Garwa zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, sannan Duwala, da roba a jiki, ga masauki, ga mai jinya, ga zaman aƙalla mako biyu a can bayan aiki. Zaman nan ba ɓata lokaci ba ne, domin tsakanin kwana 10 zuwa 14 ɓawon raunin ciki yakan faɗi, jini ya ɗan dawo, wani lokaci ya daskare ya toshe hanya. Ba a so wannan ya sami mutum a kan hanya.

Ko wanne kuka zaɓa, shirin ɗaya ne. A kashe ƙwayar cutar fitsari da maganin da gwaji ya nuna kafin a shiga ɗakin tiyata, domin duk wanda ya yi wata biyu da roba yana ɗauke da ƙwayar cutar. A daidaita hawan jini da suga. Kada ya dakatar da asfirin ko wani maganin tsinka jini da kansa, kada kuma ya ɓoye wa likita yana sha, har da na gargajiya. In tsaga mara za a yi, ku tanadi 'yan'uwa biyu ko uku da jininsu ya dace tun kafin ranar.

Kafin lokacin, ku kula da robar. Jakar fitsarin ta kasance ƙasa da ƙugu kullum, kada a riƙa cire ta ana mayarwa, a wanke wurin da robar ta shiga da ruwa da sabulu kowace rana. A canja robar a asibiti a kan lokacin da aka sa, galibi wata-wata, kada kowa ya ja ta a gida domin akwai ƙullin ruwa da ke riƙe da ita a ciki. Ya sha ruwa sosai, balle a zafin Maris da Afrilu, ya guji taurin bayan gida. In ya yi zazzaɓi da rawar ɗari, kada ku tsaya ga maganin cizon sauro, a kai shi asibiti a ranar a ce yana da roba, domin ƙwayar cutar fitsari tana shiga jini da sauri a jikin tsoho. Haka in fitsari ya daina sauka a jaka mara ta kumbura, ko ya rikice a magana, ko yana amai. Sauran dattawan gidanku masu wahalar fitsari kuma ku gargaɗe su game da magungunan mura da taramol, domin suna cikin abubuwan da ke toshe fitsari dare ɗaya.

Bayan aiki, wata guda ba hawa babur, ba keke, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba saduwa da iyali. Babur ɗin ne zai fi wuyar kiyayewa a Garwa, don haka ku tanadi mota ranar sallama da ranakun komawa asibiti. Ɗan zafi wajen fitsari da launin ja-ja na makonni kaɗan ba abin tsoro ba ne, ruwa ne maganinsa, lita biyu zuwa uku a yini in zuciya da ƙoda lafiya suke. In aikin ya faɗo kusa da azumi, ya tambayi likita kafin ya ɗauka. Sannan ku koma ku karɓi sakamakon gwajin naman da aka cire, ko da Baba ya warke yana cewa ba abin da ke damun sa. Iyalai da yawa ba sa komawa, takardar ta yi ta zama a asibiti, alhali wani lokaci a cikinta ne labarin da ya fi muhimmanci yake. Kuma tun da ɓawon furostat ɗin yana nan, daga jikinsa ne kuma daji ya fi tsirowa, likita zai auna PSA bayan kamar wata uku don ya san sabon matakinsa, daga nan ya faɗa muku tazarar da za a riƙa maimaita shi.